Ruwa da Tsabta a Sansanin Za'atari

Yau za mu yi magana a kan wani gari wanda yaƙi ya haifa. Za mu ji yadda mutanensa suka sami ruwan sha, da yadda suka yi da ƙazantarsu.

A shekarar 2011 yaƙi ya tashi a ƙasar Siriya, wadda mu ke kira Sham. Mutane suka bar gidajensu da gonakinsu, suka gudu. Waɗansu suka tsallaka iyaka, suka shiga ƙasar Jodan. A watan Yuli na 2012 gwamnatin Jodan da Majalisar Ɗinkin Duniya suka buɗe musu sansani a wani fili mai suna Za'atari, kusa da garin Mafrak. Wurin faƙo ne, ba kogi, ba tafki, ba inuwa. Kafin shekara ta kewayo, mutanen da ke ciki sun wuce 100,000. Daga baya suka ragu zuwa wajen 80,000.

To, taro kamar wannan ba ya kwana ba ruwa. Jodan kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ruwa a duniya. Aka danƙa aikin a hannun UNICEF, watau hukumar Majalisar mai kula da yara, ita da Oxfam da waɗansu ƙungiyoyi. Da fari motocin tanki ne ke kawo ruwa kullum, su juye a manyan tankuna, mata da yara su zo su ɗiba. Aka kuma haƙa rijiyoyin burtsatse uku a cikin sansanin. Aka yanka wa kowane mutum lita 35 a rana, watau kusan garwa biyu. Sha da dafuwa da wanka da wanki, duk a ciki. Ba a raba ruwan sai an zuba masa wani magani da a ke kira kulorin, mai kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani.

Amma ruwan da ya shiga gari da tsabta, da dauɗa ya ke fita. A nan aikin ya yi wuya. An gina salga da wurin wanka na taron jama'a, na maza dabam, na mata dabam. Sai ga shi mutane da yawa ba su son zuwa. Wurin ya yi wa waɗansu nisa. Da dare akwai duhu, mata da 'yan mata suna jin tsoro. Abin da ya ke na kowa da kowa kuma, da wuya a sami mai wanke shi. Ga shi a ƙasarsu kowa ya saba da bayan gidansa a cikin gida.

Sai magidanta suka shiga haƙa rami a gefen ɗakunansu. Ramin ba zurfi. In ya cika sai ya malala a kan hanya, inda yara ke wasa.

Ku lura da kyau, gama nan ne hanyar cuta. Ƙuda ya sauka a kan kashi, ya tashi ya sauka a kan abinci. Yaro ya taɓa ruwan kwata, ya kai hannu baki. Ƙazanta ta sirara ta shiga ruwan sha. Daga nan sai gudawa, ita kuwa ba ta daɗewa ta ke kayar da ƙaramin yaro.

Da ma'aikata suka ga haka, sai suka sake dabara, suka bi abin da mutane ke so. A 2015 aka kafa injin tace ruwan ƙazanta. Sa'an nan aka shimfiɗa bututu iri biyu a ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya ya kawo ruwan sha har gida, ɗaya ya kwashe ruwan salga ya kai wurin tacewa. Biyun ba su haɗuwa. 'Yan gudun hijira da kansu suna cikin masu aikin, ana biyansu. Kafin ƙarshen 2019 an gama. Ruwan da aka tace kuma ba a zubar da shi, ana ban ruwan gonaki da shi. Waɗansu kuma suka riƙa bi gida gida, suna koya wa mutane wanke hannu da sabulu.

A watan Disamba na 2024 gwamnatin Siriya ta faɗi, waɗansu suka fara komawa gida.

To, mu ba mu da injin tacewa a ƙauye, amma ka'idar ɗaya ce: a raba ruwan sha da kashi. Masu wannan aiki sun ce a bar mita 30 tsakanin salga da rijiya, watau wajen taku 40. Kowane gida ya haƙa salgarsa mai zurfi, ya yi mata murfi, a wurin da mace da yaro za su iya zuwa ko da dare. Mu rufe randa, mu rataye moɗa, kada ta kwana a ƙasa. In mun fito daga bayan gida mu wanke hannu da sabulu, in babu, da toka.

In kun koma gida yau, kowa ya auna takunsa daga salga zuwa rijiya. Gobe ya zo ya rubuta mana adadin a kan allo.

Allah ya mai da waɗannan bayi nasa gida lafiya, amin.