Jawabin Ƙaddamar da Shirin Farfaɗo da Makarantun Sakandare na Salaga, Yendi da Bawku



Mai martaba Kpembewura, sarakunan zango, limamai, shugabannin makarantu, iyaye maza da mata, da baƙinmu da suka sha hanya daga Yendi da Bawku, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri.

Salaga ta daɗe da sanin darajar alƙalami. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna ya karantar a zamanin da fataken goro ke cika kasuwa, kafin yaƙin 1892 ya watsa gari. Saboda haka idan sakamakon 'ya'yanmu ya yi ƙasa, kunyar tamu ce.

Gwamnati ta taka nata rawar. A 2014 an ƙulla shiri da Bankin Duniya na dala miliyan 156 domin gina sababbin sakandare da tallafa wa waɗanda suka koma baya. A Satumban 2017 aka mayar da karatun sakandare kyauta, yara suka yi cincirindo, har a 2018 aka koma karatun karɓa-karɓa don ajujuwa sun kasa ɗaukarsu. Mun gode, domin 'yar mai koko ma ta samu kujera. Sai dai jami'a tana neman aƙalla C6 a Turanci da lissafi da sauran manyan darussa a jarrabawar WASSCE, kuma a nan ne yaranmu ke tuntuɓe. Yaron da ya baro ƙaramar sakandare bai iya karanta shafi ɗaya ya fahimta ba, sabon gini ba zai koya masa ba. Sai malamin da ya shigo aji a kan lokaci, ya ba da aiki, ya duba, ya kuma yi haƙurin zama da mu maimakon neman canji zuwa Tamale ko Kumasi.

Iyaye, ku yafe mini, kalmar kyauta ta sa wasunmu sun naɗe hannu. Akwai uban da rabonsa da ƙofar makaranta tun ranar da ya kai akwatin ɗansa.

'Yan'uwanmu na Bawku kuwa, nauyinku ya fi namu, don karatu ba ya zama inda ake rikici da dokar hana fita. Yendi ta ga nata rikicin, ta kuma samu sauƙi bayan naɗin sarkinta Ya-Na Abukari II a 2019. Allah ya kawo muku irin wannan.

Abin da muka amince a kai shi ne a gwada karatun kowane sabon ɗalibi a zangon farko, a buɗe darasin yamma ga masu rauni, kwamitin iyaye kuma ya riƙa duba rajistar zuwan malamai kowane wata.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan shiri. Malam Liman, bismillah, a yi mana addu'a.