Dangar da ke Tsakanin Gida Biyu

Da zarar an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, ake gane wanda dangarsa ke da ƙarfi. A Jega da Maiyama, har ma Aliero da ta yi suna da albasa, gidaje da dama na da ɗan lambu a bayan gida: yakuwa, kuɓewa, alayyafo, wani lokacin har irin albasar da za a dasa a fadama. Akuya ɗaya ta ishi wannan duka kafin azahar.

Rigima takan taso ne kan dangar da ta raba gida biyu. Karan dawa ba ya jure gara da ruwan damina, zana ma haka. Mai lambu ya ce a sabunta, maƙwabci ya ce shi bai shuka komai ba, alhali awakin da ke ɓarna nasa ne. Sai an kai gaban mai unguwa.

A ganina, mai awaki ya kawo kara, mai lambu ya kawo dirka da igiya, a yi gayya bayan girbi, lokacin da kara ke da araha. Wanda ya iya, ya kafa dashi ko bini-da-zugu, domin reshensu kan kama ƙasa ya tsiro, dabba kuma ba ta cin bini-da-zugu.

Sai batun tsuntsaye. Haushin jan-baki mai cinye shinkafa da gero kada ya shafi kurciyar da ta yi sheƙa a zogalen gefen danga. Ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin mako biyu, 'ya'yan su tashi bayan kamar wasu biyun. A fara aikin dangar daga ɗaya gefen, a hana yara ɗaukar danƙo.