HAYAƘI MAI ƘAMSHIN MANGWARO: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya aiko mini cewa an ba ni 'yan mintoci in yi magana, na san an yi tsammanin zan yi bayani ne a kan haraji, tun da ta nan nake cin abinci a aikin gwamnati. To, harajin zan taɓo, amma sai na fara da tonon asirin kaina, don haka ina neman gafarar malamanmu.

A aji huɗu na fara shan sigari. Da damina, idan dawa ta yi tsawo a gonar da ke bayan ɗakin kwananmu, nan muke shigewa. Akwai waɗanda suka san wurin a cikin wannan zaure, ba zan kama suna ba. Kara ɗaya muke saya wurin mai tebur, mu uku mu raba, sannan mu tauna ganyen gwaiba don kashe wari. Duk da haka malamin horo ya kama ni, kuma da hanci ya kama ni, na sha bulala shida a gaban asambuli. Ban ji ba. Sai da na yi shekara goma sha ɗaya ina sha, na gama jami'a, na kama aiki, kafin Allah Ya raba ni da ita.

Abin da ya sa na tayar da wannan tsohon zance shi ne, da babbar sallar da ta wuce na zo gida nan Gezawa, sai yayata ta jawo ni gefe ta miƙo mini wani abu da ta tsinta a aljihun ɗanta, yaro ɗan shekara 15. Dogo ne kamar alƙalamin zane, shuɗi, yana ƙamshin mangwaro. Ta ce wata biyu ke nan tana jin wannan ƙamshi a ɗakinsa, har tana murna yaro ya girma ya fara sayen turare. Da na duba jikinsa sai na ga an rubuta kashi 5 cikin ɗari na nikotin. Jama'a, taba ce. Ita ce sigarin lantarki, wadda yara ke kira bef. Ni hancin malam ya kama ni, amma wannan ko uwar da ta haifi yaro ba ta gane ta ba.

Bari in ɗan yi bayanin yadda take. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake sha yanzu a shekarar 2003. Ba ganye a cikinta, ba ashana. Akwai batir, da ɗan zaren ƙarfe da ke ɗaukar zafi, da wani ruwa. Idan an zuƙa, ƙarfen ya yi zafi, ruwan ya zama tururi ya shiga huhu. Shi ruwan nan haɗi ne na gilisarin da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, sai kayan ƙamshi, sai nikotin, wato ainihin abin da ke cikin taba wanda ke kama mutum ya hana shi bari. Ana yin sa iri-iri: na mangwaro, na kankana, na lemo, na na'a-na'a, mai ƙarfi da marar ƙarfi, na kwalba wanda ake ɗurawa, da wanda in ya ƙare sai a jefar. Kowa ya san dattijon da ya shekara talatin yana shan Benson ba ƙamshin alewa yake nema ba. Wanda aka yi wa ƙamshin alewa, mun san ko wane ne.

Don in yi adalci, hukumomin lafiya na Ingila sun ce ga babban mutum wanda ya riga ya kamu da sigari kuma yake son bari, wannan ta fi sigari sauƙin illa. Amma su ɗin dai suka ce ba ta yara ba ce, kuma wanda bai taɓa shan taba ba kada ya fara. Shi ya sa suka ɗaure ta da doka. A ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila ba a yarda nikotin ya wuce miligiram 20 a kowace mililita ta ruwan ba. Wadda aka samu a aljihun ɗanmu, kashi 5 cikin ɗarin nan, miligiram 50 ke nan, wato ninki biyu da rabi. Daɗin daɗawa, ranar 1 ga Yuni, 2025, Ingila ta haramta sayar da irin wadda ake sha a jefar. Indiya kuwa tun 2019 ta haramta sigarin lantarki baki ɗaya. A shekarar ce kuma Amurka ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21, bayan an kwantar da dubban mutane a asibiti da ciwon huhu, wasu suka mutu, yawancinsu saboda ruwan zuƙa na bayan fage da aka gauraya da sinadarin wiwi da wani mai. A nahiyarmu ma, Afirka ta Kudu ta sa wa ruwan haraji tun 2023, a kan kowace mililita.

To, mu fa? Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba a 2005. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. Ta fuskar haraji, a 2018 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ɗora naira 1 a kan kowane kara, ban da kashi 20 cikin ɗari da ake biya tun da. Ya koma naira 2 a 2019, sannan naira 2.90 a 2020. A 2022 aka ɗaga kason zuwa kashi 30, aka mai da na kara naira 4.20. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta ita ce haraji ya kai kashi 75 cikin ɗari na farashin da mai saye ke biya.

A matsayina na ma'aikacin haraji ina goyon bayan wannan, domin idan abu ya yi tsada, yaro ne farkon wanda ke kasa saye. Amma zan gaya muku gaskiyar da aiki ya koya mini. Haraji yana kama abin da ya bi ta ƙofa ne kawai. Abin da ya shigo a ƙasan jaka, aka yi cinikinsa ta waya, aka kawo shi daga Kano a aljihun ɗan acaɓa, bai san kwastan ba, balle wani ya auna abin da ke cikin ruwan. Kuma dokarmu an rubuta ta ne da sigari da ganyen taba a zuci. Ita kanta dokar kara-kara, duk wanda ya bi ta kasuwar Gezawa ko bakin titin Jogana da yamma ya san inda ta tsaya. Tsorona shi ne, abin da aka kora daga kasuwannin Turai zai nemi inda ba a tambaya, kamar yadda gwanjo ke nemo mu. Mun ga irin wannan da kodin: sai da ya ci yaran Kano da yawa kafin Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, ga abin nan na zo da shi, zan bar shi a hannun shugaban makaranta, domin kowane malami da maigadi da mai kula da ɗakin kwana ya gan shi, ya shinshina, ya san shi. A nuna wa iyaye ranar taronsu, musamman iyaye mata. Na biyu, shugabanninmu su je wurin dagaci da masu unguwa a zauna da masu tebur da masu kantin da ke kewaye da makaranta. 'Yan'uwanmu ne, wasunsu ma ajinmu ɗaya, kuma kunyar ido tana kai inda jami'i ba ya kaiwa. Na uku, mu rubuta wa wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya, da sunan ƙungiya, cewa a ambaci sigarin lantarki da ruwanta ƙarara a doka, a ƙayyade ƙarfin nikotin, a hana ƙamshin da ke jan yara, a kuma sa mata haraji. Ni zan tsara takardar in an ba ni izini.

Shi kuwa ɗanmu, ban doke shi ba, domin na tuna bulala shida ba ta raba ni da komai ba. Na zaunar da shi na ba shi labarin gonar dawa. Ya ce shi bai san taba ba ce, abokinsa ya ce masa turiri ne kawai. Mako biyun farko ya yi fama da ciwon kai da saurin fushi, ya koma sau ɗaya, ya kuma zo da kansa ya gaya mini. Har yanzu muna kan hanya, kowace Juma'a sai na kira shi. Ina roƙon ku sa shi a addu'a.

Malamanmu, kun yi iyakar ƙoƙarinku a kanmu, Allah Ya saka da alheri. Yanzu mu ne iyaye da kawunnai, gadin ya dawo hannunmu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.