Tsakanin Baƙi da Fari: Yadda Za Mu Duba Hotunan Juna

 

An nemi in yi magana a kan hoto baƙi-da-fari, da yadda ƙungiya irin taku, wadda akasarin 'ya'yanta ba da hoto suke cin abinci ba, za ta riƙa duba aikin juna tana gyarawa. Zan fara da abin da ya fi damuna. A zama irin wannan, in aka haska hoto a bango, abin da aka fi ji shi ne "Ma sha Allah, ya yi kyau," sai a wuce na gaba. Mai hoton ya koma gida da farin ciki, amma bai ƙaru da komai ba, wata mai zuwa ya dawo da kuskuren da ya zo da shi yau. Kunya da kara ne ke ɗaure mana baki. Halaye ne na ƙwarai a muhallinsu, amma a wannan ɗakin cutar da ɗan uwa suke yi.

Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane hoto ita ce: me ya sa aka cire masa launi? Da yawa daga cikinmu sai hoto ya lalace, launinsa ya ƙi daɗi, sannan mu danna maɓalli ɗaya a waya mu mayar da shi baƙi-da-fari, muna fatan hakan ya rufa masa asiri. Ba ya rufawa. Ku ɗauki tiren jajayen tumatir da aka jera a kan koren ganye a kasuwa. Da launi, ido na rabe su nan take. In aka cire launin, ja da kore kan koma toka-toka kusan iri ɗaya, tumatir ya narke cikin ganye. Masu aiki da fim a da, gilashi mai launi suke ɗaura wa bakin kyamara don magance wannan: ja yana haskaka abu ja, ya duhunta shuɗin sama har gajimare ya fito sarai. Yau wannan aikin yana cikin manhajoji irin su Lightroom da Snapseed, a Lightroom ma kowane launi kana iya ɗaga shi ko ka sauke shi. Wanda ya kawo hoton da bai taɓa waɗannan ba, bai gama aikinsa ba tukuna, kuma haƙƙinsa ne a kanmu mu gaya masa.

Sai dai kafin mu iya gaya wa juna, muna bukatar ma'auni guda. "Ya yi duhu" ko "ya yi haske" ba su isa ba. Wajen shekarar 1940, Ansel Adams da Fred Archer a Amurka suka raba tazarar da ke tsakanin baƙi wuluk da fari fat zuwa matakai goma sha ɗaya, daga 0 zuwa 10. Mataki na 5 shi ne tokar tsakiya. A na 3 ne inuwa ke da duhu amma har yanzu ana ganin saƙar tufa a cikinta. A na 7 da na 8 abu fari ne amma bai ƙone ba. Ba sai kun haddace lissafinsu duka ba. Amfaninsa a gare mu shi ne ɗayanku ya iya cewa, "Ɗan uwa, fuskar nan ta faɗa mataki na 2, ɗaga ta zuwa na 4," mai hoton kuma ya san ainihin abin da zai je ya yi.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne matsalarmu ta gida take. Ku ƙaddara dattijo ne ranar Sallah, ya sha farar babbar riga da rawani, rana tsaka, ka tsaya gabansa da kyamara. Na'urar auna haske da ke cikinta ba ta san riga ba, ba ta san fuska ba. An gina ta ne ta ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya shi, tokar tsakiya ne. Da ta ga farin nan ya cika wuri sai ta rage haske. Rigar ta fito kamar ta sha ƙura, fuskar kuwa, wadda rawani ya riga ya yi wa inuwa, ta dulmiye. In ka ƙara haske da yawa don ceton fuskar, aikin allurar da ke ƙirjin rigar ya ƙone, kuma a kyamarar zamani abin da ya ƙone ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Maganin farko ba a kwamfuta yake ba. Ka roƙi baba ya matsa bakin zaure ko gindin bishiya, inda haske ke shigowa ta gefe guda a tausashe, ko ka sa yaro ya riƙe farin zane daga ƙasa ya mayar da haske kan fuskar. In kyamararka na ɗaukar RAW, ɗauki da shi, don ya fi JPEG riƙe abin da ke cikin inuwa.

Wajen gyara kuma akwai tarkon da nake gani kullum. Fatarmu tana da ja da ruwan goro a cikinta, saboda haka da ka ɗaga waɗannan launuka biyu sai fuska ta yi haske. Kaɗan yana da amfani. Amma wasu kan yi ta ja har mutum baƙi ya koma fari-fari kamar an shafa masa toka, layukan goshinsa da tsagar kumatunsa su shafe. Wannan ba shi ne mutumin da ya tsaya gabanka ba. Masana'antar hoto ta daɗe da wannan karkata: shekaru da dama katin da kamfanin Kodak ke ba masu wankin hoto mai launi don daidaita injinansu hoton Baturiya ne a jiki, da fatarta ake auna daidai. Bai kamata mu ɗora daga nan da hannunmu ba. Aikinmu shi ne fuska ta zauna a duhunta na asali, amma a ga komai a cikinta: ƙyallin goshi, ƙwayar ido, furfurar gemu.

Muna da malamai a kusa. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yawancin hotunansa kuma a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya. Ku duba yadda atamfar mace da zanen bango ke gogayya, amma fuskar ce ke rinjaye. Malick Sidibé, shi ma a Bamako ya yi aikinsa, wanda aka ba babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007, ya ɗauki matasa suna rawa da dare da filasha ba tare da ya wanke musu fata ba. A Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hotuna dubu. Baƙin gashi ne a kan baƙar fata, amma kowane layin kitso ana iya bin sa da ido. Ina ba da shawara ku ware zama guda ku dubi hotunan mutanen nan uku kawai.

Game da zaman suka kansa, misalin da na fi so shi ne ƙungiyar Kamoinge, wadda baƙaƙen fata masu ɗaukar hoto suka kafa a birnin New York a 1963, Roy DeCarava ne shugabanta na farko. Sukan taru a gidajen juna, kowa ya baje hotunansa, a yi musu duba na tsanani. DeCarava kansa hotunansa duhu ne da su ƙwarai, har mai gaggawa zai ce haske ne bai isa ba, alhali da gangan ya zauna a matakan ƙasa, yana fitar da toka iri-iri daga cikin inuwa. Darasin da ke nan ga mai suka babba ne: kafin ka ce a ƙara haske, ka tabbata duhun kuskure ne, ba niyya ba.

Shi ya sa nake so ku gwada wannan tsari. In an haska hoto, a yi shiru na minti guda, mai shi kuma kada ya yi bayani tukuna. Sannan kowa ya faɗi inda idonsa ya fara sauka. Ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa, don haka in mutum biyar suka ce farar robar da ke gefe suka fara gani, mai hoton ya sami amsarsa ba tare da an ɓata masa rai ba. Bayan haka ne zai faɗi abin da ya yi nufi, a taimaka masa ya kai can, ba inda mai suka zai kai hoton da nasa ne ba. Gyara ɗaya ko biyu sun isa a zama guda. Kada a tambayi kuɗin kyamara. Mai waya da mai babbar kyamara hukuncinsu ɗaya. Wanda ake duba aikinsa kuma ya tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura tambayar da na san za ta taso: ina iyakar gyara? Duhunta wani sashe da haskaka wani tsohon aiki ne na ɗakin wankin hoto, da tafin hannu da guntun kwali ake yin sa a ƙarƙashin fitila. Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, kuma cikin shekarun da ya yi yana wanke shi, sararin samaniyar sai ƙara baƙi yake yi. Yanke gefe ma an saɓa a kansa: Henri Cartier-Bresson ba ya yarda a yanke masa hoto, Arnold Newman kuwa ya yanke kaso mai yawa daga hotonsa na mai tsara kiɗa Stravinsky na 1946, kuma yankan ne ya ba shi ƙarfi. Duk wannan ban ga laifinsa ba. Cire abu ko ƙara shi ne wani batu daban. Dorothea Lange ta sa an goge wani babban yatsa daga kusurwar hotonta na 1936 na uwa 'yar ci-rani da 'ya'yanta, kuma har yau ana muhawara a kai, domin hoton shaida ne na halin da mutane suka shiga. Ra'ayina shi ne: in hotonka na cewa "ga abin da ya faru," kada ka cire ko wayar lantarki, in zane kake yi da haske, yi abin da ka so, amma ka sanar da 'yan uwanka.

Don haka a zama na gaba kowa ya zo da abu biyu, hoton yadda ya fito daga kyamara da wanda ya gyara, a ajiye su gefe da gefe. Wanda ya sami hali ya wanke ɗaya a takarda, ko ƙarami ne, saboda gilashin waya yana haskaka inuwa daga baya ya ɓoye kuskure, takarda kuwa ba ta yin haka. Shugaban wannan zama, na ga lokaci ya ja, kuma akwai hotunan da ke jiran a haska su.