Kunnen da Ya Baje, da Aikin Gyaransa



Akwai yaran da ake haifa kunnuwansu sun baje, sun yi nesa da kai. Jinsu ƙalau ne, tsokanar abokan wasa ce matsalar. Abin daga guringuntsi yake, wanda bai lanƙwashe yadda ya kamata ba.

Likitoci na gyara wannan. A 1963 wani likita, Mustardé, ya bayyana dabarar tsaga bayan kunne a ɗinke guringuntsin da zaren da ba ya narkewa, har ya lanƙwashe. A 1968 kuma wani likitan, Furnas, ya kawo dabarar ɗaure kwanon kunnen kusa da ƙashin kai. Yawanci ba a yin aikin sai yaro ya kai shekara biyar ko shida, lokacin kunne ya kusa gama girma. Jariri sabon haihuwa kuwa, sau da yawa ɗauri na musamman ya isa, ba wuƙa.

Amma fa a kula: fatarmu na saurin yin tabon nan mai kumburi, irin wanda ke biyo bayan hudar kunne. Don haka wannan ba aikin wanzami ba ne. Iyaye, ku nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya duba tukuna.