Binciken da aka kulle cikin akwati

Jama'a, daren 9 ga Oktoba 1963, gefen dutsen Tok ya zaftare cikin tafkin madatsar ruwan Vayont, a Italiya. Ruwa ya tsallake ginin, ya share garin Longarone, kusan mutum 2000 suka halaka.

Tun 1960 masana duwatsu suka rubuta cewa dutsen yana iya zamewa, amma rahoton ya tsaya hannun kamfanin. Ƴar jarida Tina Merlin da ta yi gargaɗi kuwa, sai da ta gurfana gaban kotu kafin a wanke ta.

Shi ya sa ƙa'idar masana ita ce a buga bincike, abokan sana'a su tantance shi, a bayyana wanda ya biya kuɗinsa. Sanin da rayuka suka rataya a kansa ba dukiyar kamfani ba ne.