Neman Asalin Kakanni A Ƙasar Hungari

Maganar da muka ɗauko yau ta wata ƙasa ce mai nisa, wadda fataucinmu bai saba kai mu can ba. Sunanta Hungari, tana tsakiyar Turai, gabas da Ostiriya, babban birninta Budapest a bakin kogin Danube. Larabawa su kan ce mata Majar, wannan kuwa ya fi kusa da sunan da mutanenta ke kiran kansu da shi. Mutanen nan sun warwatsu ƙwarai cikin duniya, waɗansu neman abinci ya fid da su, waɗansu yaƙi. Ga jikokinsu da tattaɓa kunnensu a Amurka da Kanada da Ostareliya, da yawa ba su jin harshen kakanninsu, amma suna neman inda aka haifi tsohon da inda aka rufe shi. Yadda su ke yin neman nan shi za mu faɗa, gama mu mazauna zango mun san abin da a ke nufi in an ce kakan mutum baƙo ne.

Duk wanda zai shiga aikin nan, abin da za a fara tambayarsa shi ne sunan ƙauye. In ya ce kakana mutumin Hungari ne, bai faɗi kome ba tukuna, daidai ya ke da wanda ya ce kakansa daga Arewa ya fito, ya yi shiru. Dalili kuwa, kafin 1895 ba gwamnati ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa ba. Aikin limaman coci ne, kowanne da littafinsa a garinsa. Wanda bai san gari ba, ba shi da ƙofar shiga, ko da kuwa ya san sunan kakan da shekarar haihuwarsa.

Asalin littattafan nan, a 1563 ne taron manyan limaman Katolika a garin Trento ya yi umurni kowane coci ya riƙa rubuta waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda aka ɗaura wa aure. Amma umurnin bai zauna da wuri a Hungari ba, don a lokacin tsakiyar ƙasar tana hannun Turkawa Usmaniyawa. Sun ci birnin Buda a 1541, ba su fita ba sai 1686. Yaƙi ya yi ta kai da komowa, ƙauyuka suka zama kufai, abin da aka rubuta ya ƙone. Saboda haka galibin littattafan ƙauyuka daga ƙarshen ƙarni na 17 ko cikin na 18 su ke farawa. Turkawan su ma ba su zauna ba alƙalami ba. Akawunansu na haraji sun bi ƙauye ƙauye suna rubuta sunan kowane magidanci da haruffan Larabci, cikin kundin da su ke kira defter, watau abin da mu ke ce wa daftari. Na yankin Buda na 1546 yana nan, wani masanin ƙasar, Káldy-Nagy Gyula, ya karanta shi ya buga. Ba ya nuna wa ya haifi wa, amma ya kan nuna cewa sunan gida kaza yana ƙauye kaza tun zamanin Sarki Sulaimanu.

A 1827 aka yi wata doka wadda, a ganinmu, ta fi dokoki da yawa masu manyan sunaye amfani. Ta ce kowane limami ya rubuta littafinsa sau biyu, ya riƙe ɗaya, ya aika da ɗaya gidan ajiyar takardu na lardi. In gobara ta ci na coci, na lardi yana nan. Sa'an nan daga ran 1 ga Oktoba, 1895, gwamnati ta buɗe tata rajistar ga kowa da kowa, ba ruwanta da addinin mutum. Cikin shekarun 1960 waɗansu mutanen jihar Utah ta Amurka suka ɗauki hotunan tsofaffin littattafan shafi shafi, yanzu mai yawansu yana intanet a wurin da a ke kira FamilySearch.

To, in an buɗe littafin me za a gani? Ranar haihuwa, da ranar baftisma, da sunan uba, da sunan uwa na gidansu, da addininsu, da sana'ar uban, da waɗanda suka tsaya wa jaririn, sau da yawa har da lambar gida. Lambar gidan nan kada a raina ta. A ƙauye guda a kan sami mutum biyar masu suna ɗaya, kuma in yaro ya mutu da ƙuruciya, iyaye su kan maida sunansa ga ƙanen da ya biyo. Limami ya kan zana ɗan gicciye kusa da sunan mamacin ya sa ranar mutuwa. Mai gaggawa, in bai duba alamar nan ba, sai ya ɗauki jaririn da bai yi wata shida a duniya ba ya mai da shi kakansa. Har wa yau sai an san addinin gidan, gama akwai Katolika, akwai Furotestan iri biyu, akwai masu bin ɗariƙar Girka, akwai Yahudawa, kowa da littafinsa. Kafin 1781, a wurare da yawa 'ya'yan Furotestan a littafin Katolika a ke rubuta su, don ba a yarda musu da nasu limamin ba.

Wahalar da ta fi kowace ita ce suna. Su sunan gida su ke fara faɗi, sa'an nan sunan yanka. Sunayen gidan kuwa da yawa irin namu ne na sana'a da na asali. Kovács maƙeri ke nan, Szabó maɗinki, Varga baduku, Molnár mai niƙa, Nagy babba, Kis ƙarami, Németh Bajamushe, Török Baturke. Mutum guda a kan same shi da suna huɗu. Limami ya rubuta shi da Latin Joannes, a gida ana kiransa János, a barikin soja akawu Bajamushe ya sa Johann, ya je Amurka ya zama John. Mace kuma in ta yi aure sunanta ya kan ɓace ɗungum, a ɗauki sunan miji duka a liƙa masa -né a ƙarshe, a ce Kovács Jánosné, watau matar János Maƙeri. Sunanta na yanka sai an koma littafin aure. Yahudawa kuwa a 1787 Sarki Yusufu na Biyu ya tilasta musu ɗaukar sunayen gida na Jamusanci, daga baya da yawa suka sāke su zuwa na harshen ƙasar, kamar yadda Jamusawa da Silobakawan ƙasar da dama suka yi.

Garuruwan ma ba su tsira ba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, ran 4 ga Yuni, 1920, aka sa hannu a yarjejeniyar Trianon a Faransa, aka yanke wa Hungari fiye da kashi biyu cikin uku na ƙasarta, aka bar masu harshenta fiye da miliyan 3 a bayan iyaka. Pozsony ita ce Bratislava ta Silobakiya yau, Kolozsvár ita ce Cluj ta Romaniya, Szabadka ita ce Subotica ta Sabiya. Garin Ungvár ya fi ban mamaki. Ya koma Cekoslobakiya a 1919, ya komo Hungari a 1938, ya shiga Tarayyar Sobiyat a 1945, ya zama na Yukren a 1991, sunansa Uzhhorod. Tsohuwar da aka haifa can a 1915, in Allah ya ja kwananta har 1992, iyaka ta tsallake ta sau huɗu ba ta fita ƙofar gida ba. Saboda haka mai neman kakansa Bahungare sau da yawa ba Budapest zai rubuta wa ba, sai wata ƙasa dabam, da wani harshe dabam, yana tambayar gari da sunan da kakan bai taɓa ji ba.

To, wanda ke Amurka, sunan ƙauyen ya ɓace masa, ina zai same shi? Sai ya bi sawun jirgi. Tsakanin 1880 da 1914 fiye da mutum 1,500,000 suka bar ƙasar zuwa Amurka, yawancinsu manoma marasa gona. Ba duka ne masu harshen Majar ba, akwai Silobakawa da Jamusawa da Yahudawa da sauransu. Yawanci ba da niyyar zama suka tafi ba, ci rani ne, a tara kuɗi a komo a sayi gona, da yawa kuwa sun komo. Ta Bremen da Hamburg na Jamus su ke shiga jirgi, daga 1904 kuma ta Fiume, tashar ƙasarsu, a jiragen kamfanin Cunard. Jirgin nan Carpathia da ya tsamo mutanen Titanic a 1912, kan hanyar nan ya ke aiki, ya taso daga New York ke nan. Takardun fasinja na Hamburg daga 1850 zuwa 1934 suna nan. Na Bremen kuwa hukumar garin ta riƙa zubar da tsofaffin saboda rashin wurin ajiya, yaƙi ya cinye yawancin saura.

A can New York, tsibirin Ellis shi ne ƙofa a wancan zamani, tun daga 1892. Takardun farko ba su faɗin abu mai yawa, amma daga 1907 za a ga garin haihuwa, da sunan ɗan'uwa mafi kusa da aka bari a gida da inda ya ke zaune. Layin nan guda shi ne ya haɗa gidaje da yawa da ƙauyensu. Ana yawan cewa ma'aikatan tsibirin ne suka sāke wa mutane suna, amma ba haka ba ne. Tun a tashar da aka taso akawun kamfanin jirgi ya rubuta sunan, su duba kawai su ke yi. Mutum da kansa ya kan sāke daga baya, don kada a yi ta tuntuɓe da sunansa a wurin aiki.

Wurin aikin kuwa ramin kwal ne da masana'antar ƙarfe, a Pennsylvania da Ohio da New Jersey. Ran 19 ga Disamba, 1907, ramin Darr ya fashe, mutum 239 suka mutu, da yawansu 'yan Hungari. Tun 1886 mahaƙa 13 a garin Hazleton suka kafa ƙungiyar taimakon juna mai suna Verhovay, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu, don in ɗayansu ya mutu a yi masa sutura a ba iyalinsa wani abu. Littattafan irin ƙungiyoyin nan da na coci-cocin da baƙin suka gina su ma su kan ambaci ƙauye. Dokar Amurka ta 1924 ta kusa rufe ƙofar. Babbar fita ta baya ita ce ta 1956, sa'ad da sojan Sobiyat suka murƙushe tawayen Budapest, mutum wajen 200,000 suka tsere.

Saura waɗanda suka fita da kayan soja ba su komo ba. A yaƙin 1914 an kai su Galisiya, wajen Polan da Yukren na yau, da kuma duwatsun iyakar Italiya. Da birnin Przemyśl ya faɗi ran 22 ga Maris, 1915, Rasha ta kama mutum wajen 120,000, ta kwashe su, waɗansu har Saiberiya. Hukumar soja ta riƙa buga jerin hasara, da suna da runduna da gari da shekarar haihuwa, da ko mutum ya mutu ne, ko ya yi rauni, ko an kama shi. A yammacin Galisiya kaɗai an gina maƙabartun soja wajen 400, aka rufe nasu da na abokan gaba wuri ɗaya. Nan ma suna na ba da wahala, mu kuwa mun san irinta. Sojanmu na Rundunar Gold Coast da suka kwanta a Bama, da yawa akawu sunan ƙabila ya sa musu a maimakon sunan uba, Hausa ko Moshi ko Gurunshi, haka kuma ya hau dutse.

Yaƙi na biyu ya fi muni. Hungari ta bi Jamus, ta aika da runduna ta mutum wajen 200,000 bakin kogin Don a Rasha. Ran 12 ga Janairu, 1943, cikin tsananin sanyi, sojan Sobiyat suka fāɗa musu. Cikin 'yan makonni aka yi hasarar fiye da 100,000, da matattu da masu rauni da kamammu da waɗanda ba a sake jin labarinsu ba, cikinsu har da Yahudawan da aka tilasta wa aikin ƙarfi ba makami. Sai bayan mulkin Sobiyat ya ƙare aka sami izinin tattara ƙasusuwa. Babbar maƙabartar tana Rudkino kusa da Voronezh, an buɗe ta a 2003, yawancin na ciki kabari ɗaya suka tarar, sunaye kuwa a jikin allunan dutse. Yahudawa wajen 437,000 da aka kwashe daga ƙasar tsakanin Mayu da Yuli 1944, galibi zuwa Auschwitz, mafi yawansu ba su da kabari ko kaɗan, sai suna a gidan tunawa na Yad Vashem in an sami wanda ya rage ya faɗe shi.

A 2019 Rasha ta ba Hungari hotunan katuna wajen 682,000 na mutanenta da aka tsare a sansanonin Sobiyat, da soja da farar hula waɗanda aka tare a titi aka ce musu ɗan aiki ne na kwana kaɗan. A 2021 gidan ajiyar takardu na ƙasa ya sa su a intanet. Amma akawun Rasha da kunne ya rubuta, da haruffansa, daga bakin mutum mai yunwa da tsoro. Harshensu ba shi da harafin H, sai su sa G, Horváth ya koma Gorvat. Don haka mai nema ba ya dogara ga suna kaɗai. Ya kan gwada shekarar haihuwa, da sunan uba, wanda Rashawa ba su barinsa a takarda, da sunan ƙauye yadda kunnen baƙo zai ji shi. In ukun nan suka dace da abin da limami ya rubuta a littafin baftisma, ya sami mutuminsa, katin kuma sau da yawa ya kan faɗi sansanin da aka tsare shi, da ko an sako shi ko can ya mutu.